Akwatin da Na Yi wa Turare

A shekarun ƙarshe na juyin juya hali, lokacin da kowa a Kwatano ya zama kamarad, wato abokin gwagwarmaya, har mai sayar da gawayi, ina da shekara goma sha tara, kuma na karanta ƙananan littattafan soyayya cikin kwali guda. Direbobin da ke zuwa ɗaukar kaya a tashar jiragen ruwa ne ke kawo su daga Kano, su yi ta yawo hannu hannu a Zongo har bangonsu ya cire. A cikinsu na koyi cewa masoyi kwatsam yake zuwa, da wata hujja, a ranar da mace ba ta yi kwalliya ba.

Nawa ya zo ranar Alhamis da hantsi, ɗauke da akwati a ka.

Ina tsakar gida ina daka kajiji. Gwaggo, ƙanwar Baba wadda ta raine ni, sana'arta haɗa turaren wuta, ni ce mai daka da tankaɗe. Sai muka ji sallama a zaure. Na leƙa ta jikin labule, na ga dogon saurayi, siriri, da farar riga mai gajeren hannu, ya sauke akwatin katako fari mai tsage-tsage a jiki kamar kejin tantabara. Ya miƙa wa Baba takarda mai hatimin dalage, wato mai unguwarmu. Ya ce shi ɗalibi ne a jami'a, ɗan arewa, yana binciken iskar da mutanen gari ke shaƙa, kuma yana roƙon a bar shi ya ajiye akwatin a saman benenmu.

Baba ya juya takardar sama da ƙasa. "Rediyo ne?"

"A'a, Baba. Hanci ne. Shaƙa kawai yake yi."

"Ba ya ji?"

"Ba shi da kunne, wallahi."

Baba ya yarda, amma maƙwabta ba su yarda ba. Mako biyu dattawan da ke zama a gindin katangarmu bayan la'asar suka daina zancen tsadar shinkafa, suka koma yabon gwamnati da ƙarfi suna kallon sama.

Saman benenmu fili ne na siminti, ƙarafa a tsaye a kusurwoyi suna jiran hawa na biyu da ba a taɓa ginawa ba. Nan muke shanya. Daga nan ana hango manyan motocin Nijar a jere suna ɗumama inji, da 'yan zemijan, masu haya da babur, da suka fara yawa a lokacin, kowane babur na jan jelar shuɗin hayaƙi. Baba ba ya iya hawa saboda gwiwa, don haka ni aka ce in nuna wa baƙo hanya. Ya ja waya, ya haɗa da wuta, akwatin ya fara gurnani a hankali kamar kyanwa. Ya ɗauko wata farar takarda kewayayya da ɗan hantsaki, ya shimfiɗa ta a ciki. Ya ce iska za ta riƙa bi ta jikinta, duk abin da ke cikin iskar ya maƙale. Kowace Alhamis zai zo ya cire, ya sa sabuwa, ya kai tsohuwar a auna a wani ma'auni da ke zaune cikin gilashi.

"Ƙanwata, ana girki a nan sama?"

"A'a, Malam."

"To, madalla. Kada kowa ya buɗe."

Kowace Alhamis! Na sauko ƙafata ba ta san matakala ba. Gwaggo ta dube ni ta ce, "Ke, tabarya aka ce ki ɗauka, wannan muciya ce."

A gidanmu, in kana ganin girman mutum, kayansa ake yi wa turare. Rigar Baba ta Juma'a ba ta taɓa fita ba sai ta kwana a kan kwando, kasko a ƙarƙashi, an lulluɓe da zane. Baƙon da ya sauka, har jakarsa ake turara masa. Ni kuwa ba ni da rigarsa, ba ni da hularsa. Akwatinsa kawai nake da shi. Ranar Laraba da yamma na hau da kasko, na zuba garwashi, na barbaɗa haɗin da Gwaggo ke ɓoye wa amare, mai sandal da farce, na tura ƙarƙashin akwatin, na lulluɓe su duka da zanena mai kauri don kada ƙamshin ya gudu. Ban buɗe ba. Ya ce kada a buɗe, kuma ban buɗe ba. Da na gama na share tokar tsaf, don mace ba ta barin shaida.

Washegari ya hau, ya tsaya, ya ja numfashi. "Gidan nan naku akwai ƙamshi."

Kalma biyar. Na kwana uku ina juya su. Daga ranar na daina jiran Laraba, kullum sai na hau da kasko, wani lokaci safe da yamma.

Shi ma sai ya fara zuwa da ɗoki. Da can yana gama aiki zai ce na gode ya sauka. Yanzu da sauri yake buɗe akwatin, ya ɗaga takardar ga rana, ya ce wata kalma da Faransanci, ya yi dariya shi kaɗai. Yana kallona idonsa na ƙyalli. Na san wannan kallon, na karanta shi ya fi sau ashirin. Na fara zaɓen launin atamfar da ƙawayena za su ɗinka. Na raɗa wa 'ya'yanmu suna, uku mata, ɗaya namiji mai tsawon ubansa.

A wata na uku ya zauna a zaure, abin da bai taɓa yi ba, ya karɓi shayi. Ina bayan labule da faranti. Ya buɗe wani gwangwani ya jera takardu huɗu a gaban Baba.

"Wannan ta unguwar Cadjèhoun ce, ka ga toka-toka kaɗan. Wannan Zogbo. Wannan Saint-Michel, bakin kasuwa. Wannan kuwa taku ce."

Na leƙa. Tamu ta yi baƙi ƙirin, har da maiƙo, kamar gindin tukunya. Zuciyata ta yi tsalle, mun fi kowa!

Ya ce abin ba na murna ba ne. Hayaƙi ƙwayoyi ne ƙanana waɗanda ido ba ya gani. Manyan hanci yana tare su, ƙananan kuwa su wuce har can ƙasan huhu su zauna, shekara da shekaru, sai tari, sai numfashi ya gajarta. Yana ganin motocin Nijar ne da fetur ɗin kwalba da baburan 'yan zemijan ke sha, hayaƙin yana taruwa a kan Zongo. Wannan shi ne zuciyar kundin da zai kammala karatu da shi. Alhamis mai zuwa farfesansa zai zo ya gani da ido, daga nan su rubuta wa hukuma.

Baba ya ce, "To ai mu ma muna hura gawayi."

"Naku yana ƙasa, Baba, shi ya sa na hau sama. Takardar nan ba ta zaɓe. Itace, gawayi, turare, duk abin da ya ƙone kusa da ita sai ta kama."

Farantin ya kuɓuce mini.

Makon nan ban buɗe littafi ba. In na yi shiru, zai tsaya gaban manya da kundin da ni na rubuta shi da kasko. In na faɗa, zai ɗauke akwatinsa, Alhamis ta koma rana kamar kowace. Ranar Talata Gwaggo ta same ni ina tankaɗe ina hawaye a cikin garin sandal.

"Kada ki jiƙa mini kaya. Kukan ɗan lakwal ne, ɗalibin nan mai akwati?"

"Gwaggo, ni ce."

"Na sani. Kina tsammani ban ga haɗin amare na raguwa ba? Na ce bari in ga ko akwatin zai aiko da goro." Ta yi dariya har tarinta na kullum ya taso, ta dafa bango. Da ya lafa ta ce, "Ki faɗa masa. Namijin da kika samu da ƙarya, kullum sai kin hura mata wuta."

Farfesan gajere ne mai sanƙo, ya hau matakala yana haki, yana kiran kowa kamarad, har ni. Ɗalibin ya buɗe akwatin da alfahari. Takardar makon ta fito da ɗan duhu kawai, ba ta fi ta Saint-Michel ba, don kwana bakwai ban hau da wuta ba. Ya juya ta, ya duba waya, ya kara kunne a jikin injin. Fuskarsa ta koma kamar ta yaron da aka ƙwace wa rake.

Na sauka a guje, na dawo da kasko da zane, na ajiye a gabansu.

"Malam, injinka lafiyarsa lau. Turare nake yi masa."

"Kina yi wa wa?"

"Akwatin. Kullum. Ina lulluɓewa don ya kama sosai."

Ya fassara wa farfesa da muryar da ban san shi da ita ba. Farfesa ya ce in nuna. Na durƙusa na tura kaskon, na yafa zanen yadda nake yi. Mutumin ya zauna a kan bulo ya yi dariya har ya cire tabarau yana share ido. Ɗalibin bai yi dariya ba.

"Wata uku, ƙanwata. Wata uku! Me ya sa?"

A littafi, nan ne yarinya ke faɗin magana mai tsawo. Ni abin da ya fito kawai shi ne, "Kai ka ce gidan akwai ƙamshi."

Ya dube ni, ya dubi zanen, kunnuwansa suka yi ja. Ya cire waya, ya naɗe, ya ɗora akwatin a ka, ya sauka. Na bi bayansa ina jin kamar gawa ake fitarwa.

A ƙasa, farfesa ya tsaya cak. Ƙofar ɗakin Gwaggo a buɗe take, tana gwada sabon haɗi, kasko uku na ci, hayaƙi ya cika ɗakin har ba a ganin gadonta sosai, ita kuwa tana ciki tana tari. Ya tambayi shekara nawa take wannan sana'a. Gwaggo ta ce tun kafin a yi kamarad. Ya tambayi mata nawa ke yi a Zongo. Ta ce ya tambayi nawa ne ba sa yi. Sai ya juya ga ɗalibinsa ya yi ta magana da sauri, yana nuna ɗakin da yatsa. Kowa na auna titi, in ji shi, ba wanda ya taɓa auna inda matan nan ke yini. A kai wani akwati kan masallaci a sake aikin titi daga farko, wannan kuwa a shigar da shi ɗakin nan.

Baba ya ce ba a yi namijin da zai riƙa shiga ɗakin ƙanwarsa ba, ko da hatimin dalage goma.

Duk suka juyo suka dube ni.

A zaure ya koya mini, fuska a ɗaure: yadda ake riƙe hantsaki, yadda ake rufe gwangwani, kada yatsa ya taɓa takarda, kada in hura, kada in goge. "Kuma kada ki yi masa kirki," in ji shi. "Ko kaɗan."

Bai kammala karatu a shekarar ba, sai ta gaba, kuma wannan laifina ne, ban taɓa musu ba. Alhamis huɗu yana karɓar gwangwani bai ɗaga kai ba. Ta biyar ya nemi ruwa. Ta takwas ya tambayi abin da nake karantawa, na ba shi aro, ya dawo da shi ya ce ƙarya ta yi yawa a ciki, amma akwai na biyu? Takardun ɗakin Gwaggo kuwa da ta jera su ta ga baƙin da suka yi, ba wanda ya roƙe ta, ta sa aka fasa mata taga, ta mai da gwajin haɗi tsakar gida.

Wata Asabar bayan damina, ina wanki hannuna duk kumfa, na ji sallama biyu a zaure, ɗaya tasa, ɗaya ta wani dattijo mai harshen arewa. Ba jaka, ba gwangwani. Na ji Baba ya yi gyaran murya, ya ɗaga sauti:

"Ke! Kawo tabarma. Ba wannan ba, sabuwar."