Maɗacin Kawu Njidda

Ni na buga takardar da ta raba Kawu Njidda da bishiyoyinsa, don haka nake ganin ina da bakin ba da labarinsa, ko da yake da yana raye da ya harare ni ya ce in kama bakina. Sunana Ikilima, 'yar ƙanwarsa ce ni. A shekarun da nake magana a kai ina buga tafireta a ofishin wani kwamiti da aka ɗora wa aikin tsara wuraren shaƙatawa da wasanni da al'adu a Jalingo.

An haifi Kawu a ruga, can wajen hanyar Lau. Ya yi kiwo har ya zama saurayi, sai ciwo ya faɗa wa garken mahaifinsu, abin da ya rage bai isa a raba wa 'ya'ya shida ba. Ya shigo gari da sandarsa da malafarsa, ya zauna a unguwar Majidaɗi, ya kama tufkar igiyar shanu yana kai wa kasuwa. Dogo ne siriri. Ba ya cin abinci a gaban mutane, ba ya dariya da ƙarfi, in ka yabe shi sai ya sunkuyar da kai kamar ka zage shi. Fulani pulaku suke kiran wannan hali. Mu da muka zauna da shi, wani lokaci taurin kai muke ce masa.

A bayan gidansa akwai wani fili da ba na kowa ba, juji ne kawai da awaki. Ranar sunan ɗansa na fari, Siddiq, gida ya cika da jama'a, shi kuwa uban ɗan fari a wurinmu kunya ba ta barinsa ya zauna cikin taro. Sai ya sulale zuwa filin nan da ɗan dashen maɗaci a cikin gwangwani, ya share shara, ya haƙa rami ya dasa. Daga baya ya ƙara mangwaro da darbejiya da tsamiya, ɗaya bayan ɗaya, yana ɗebo ruwa a rijiya duk rani. Cikin shekara ashirin juji ya zama inuwa. Amma yadda bai taɓa kiran sunan Siddiq ba, sai dai ya ce "yaron nan", haka bai taɓa nuna maɗacin ya ce nawa ne ba. "Waccan bishiyar" yake ce masa, yana kallon wani gefe.

Maɗaci kuwa yana da jarabarsa. Ɓawonsa magani ne, na ciwon ciki da na dabbobi, kowa ya wuce sai ya so ya sassaƙa. Kawu ba ya hana kowa, amma da hannunsa yake yanka, siririyar tsaga daga sama zuwa ƙasa a gefe guda, sannan ya shafe wurin da laka da kashin shanu, ba ya sake taɓa nan sai fatar ta haɗe. Ya taɓa gaya mini cewa bishiya ta ɓawo take rayuwa, ranar da aka zagaye ta da sara, ranar aka yanka ta, ko da za ta yi shekara a tsaye da ganyenta.

Amininsa a filin nan Rufus ne, mutumin unguwar Sintali, mai gyaran keke. A ƙarƙashin mangwaron Kawu ya kafa bencinsa, da yamma kuma yakan koya wa matasa ƙwallo a gefen filin. Gajere ne mai fara'a, bakinsa ba ya hutawa, Hausarsa kuwa ta haɗa mace da namiji a tukunya ɗaya. Shekara goma sha biyar suna raba goro, ɗaya na surutu ɗaya na tufka.

Da aka ƙirƙiro Jihar Taraba a 1991, Jalingo ta wayi gari babban birni, kowa ya shiga neman yadda za ta yi kama da birni. A shekarar da ta biyo aka kafa kwamitinmu. Muna da wata ƙatuwar taswira a bango, an shafa kore a duk inda za a yi lambun shaƙatawa, ja a filin ƙwallo, rawaya a dandalin raye-rayen gargajiya. Ni da bakina na gaya wa sakataren kwamitin, Mista Solomon, cewa akwai fili a Majidaɗi da ba sai an dasa komai ba, shinge kawai yake buƙata. Na faɗa ne ina hango Kawu cikin kaki da albashi. Na yi ta jin daɗin kaina har ranar da muka je.

Mista Solomon ya zagaya filin, ya daki gindin maɗacin da tafin hannu, ya zo ya tsaya gaban mutanen biyu da littafinsa a buɗe.

"Baba, wa ya shuka bishiyoyin nan?"

Kawu bai ɗago daga igiyarsa ba. Ya ce, "Allah ne ya raya su."

"Na sani. Amma wa ya dasa, wa yake ba su ruwa?"

"Mutanen unguwa ne, kowa da abin da ya yi."

Ina tsaye a bayan Mista Solomon ina zare wa Kawu ido, shi kuwa ƙasa yake kallo. A tunaninsa an gama magana. Mutum ba ya yabon kansa, na kusa da shi ne zai faɗa, kuma ga amininsa nan zaune. Rufus ya yi dariya ya ce, "Oga, mu ne muke kula da wurin nan, ni da Malam. Kullum muna nan." Mista Solomon ya tambayi wanda ya iya rubuta sunansa a cikinsu. Rufus ya iya. Ni kuma ƙaramar ma'aikaciya ce, kuma 'yar ƙanwa, in na buɗe baki a gaban Kawu na kunyata shi. Washegari na buga sunan Rufus a takardar ɗaukar mai kula da lambu.

Aka kewaye filin da waya, aka sa ƙofa, aka dasa kujerun siminti, aka shafa wa gindin bishiyoyi farar ƙasa. Ranar buɗewa masu rawa suka zo daga Sintali da Lau, aka yi kiɗa har la'asar. Wani babban jami'i ya kama hannun Rufus ya ɗaga, ya ce ga hannun da ya mai da juji lambu. Na ga Rufus ya waiga yana neman Kawu, bakinsa ya motsa, sai tafi ya rufe shi, ya ƙare da murmushi. Kawu yana tsallaken titi a ƙofar gidansa, ya ji komai ta lasifika.

Da yamma Rufus ya tsallako da goro. "Malam, ka zo mu yi aikin tare. Ni sunana kawai yana takarda."

Kawu ya ce, "Allah ya ba da sa'a." Bai karɓi goron ba, kuma daga ranar bai sake taka cikin wayar nan ba.

Kishi ya kama Kawu, kishi na gaske, kuma irin mutumin da ba ya faɗin abin da ke ransa ya fi kowa shan wuyarsa. Ya dawo da tabarmarsa ƙofar gida, inda babu inuwar kirki amma ana hango lambun tas. In Rufus ya busa usur, sai ya ja tsaki. In amare suka zo ɗaukar hoto a gindin maɗaci suka jawo Rufus ya shiga tsakiyarsu, igiyar ranar sai ta fito da ƙulli. Ya san ranar da aka ba Rufus sabon kaki, ya san ranar da aka ba shi keken gwamnati. Matarsa Goggo Aisatu ta ce ko tuwo ya rage ci. Abin da ya fi ƙona shi, mutane suka fara cewa "lambun Rufus", har jikokin maƙwabtan da suka ga lokacin da yake ɗebo ruwa. Ni ma ban tsira ba. Duk wata in na buga sunan Rufus a jerin ma'aikata sai na daki haruffan har su huda takarda.

Masu neman ɓawon maɗaci ba su daina zuwa ba. Rufus mutum ne da ba ya iya cewa a'a, kuma bai taɓa lura da yadda Kawu ke yi ba, a lokacin idonsa na kan taya da faci. Sai ya buɗe musu ƙofa, kowa ya sara inda hannunsa ya kai, a kwance, daidai ƙirji. In wurin ya yi muni ya shafa farar ƙasa, don haka tsarin ofis ya ce a riƙa yi. Sara ya fara daga gabas, ya bi ta kudu, yana cin gindin a hankali kamar ana ɗaura masa ɗamara.

Kawu yana gani. Na san yana gani, don wata rana a 1995 na same shi ya ajiye igiya ya ƙura wa bishiyar ido. Na ce, "Kawu, ɓawon da ya rage bai fi taƙi biyu ba. Ka tsallaka ka gaya masa."

"Shi ne mai takarda. Ai ya sani."

"Bai sani ba, ka san bai sani ba."

"To ya zo ya tambaya."

Na ce ni zan gaya masa. Ya dube ni, abin da ba ya yi, ya ce in na yi haka kada in sake gaishe shi. So yake bishiyar ta yi laushi, ofis ya ruɗe, a zo har tabarmarsa a ce Malam Njidda taimaka, kai ne ka san su. Yana ganin zai bari sai saura taƙi ɗaya, sannan ya tashi ya ceto ta a gaban kowa. Ni kuma, Allah ya yafe mini, na so in ga wannan ranar, shi ya sa na bi umarninsa.

Lissafinsa bai yi la'akari da ranar kasuwa ba. Wasu makiyaya da ciwo ya shiga shanunsu suka zo da buhu, Kawu yana kasuwa da igiyoyinsa. Kafin ya dawo sun kwashe abin da ya rage. Ya tsaya a bakin titi yana kallon gindin fari fat an zagaye shi, ya daɗe a tsaye, sannan ya shiga gida. Maɗacin ya yi damina guda da ganyensa, Rufus na ta murna wai bishiyar ƙarfi gare ta. Da rani ya zo ganye ya zube bai dawo ba. A farkon 1997 aka sare shi don kada reshe ya faɗo wa masu zama.

Bayan 'yan makonni kwamitinmu ya fito da sabon shiri, wai a yi rajistar manyan bishiyoyin gari a matsayin kayan tarihi, kowace da sunan wanda ya dasa ta. Muka koma lambun, ni da Mista Solomon. Siddiq ya zo hutu daga Lau inda yake koyarwa, yana tsaye a gefen kututturen, don Goggo ta daɗe da gaya masa ranar da aka dasa shi. Rufus yana ta bayani, duk ya rame. Sai muka ga Kawu ya tsallako titi, ya shigo ta ƙofar da ya yi shekara biyar bai bi ba.

Rufus ya tare shi. "Malam, bishiyan nan ya mutu a hannuna. Ban san abin da na yi masa ba."

Kawu ya ce, "Ni na san abin da ka yi. Ina zaune ina kallo." Ya juya wurin Mista Solomon, muryarsa ba ta tashi ba. "Ka taɓa tambayata wa ya dasa. Ni na dasa su duka. Wannan kuwa ranar sunan Siddiq na dasa shi."

Siddiq ya ɗago kai da sauri. Shekararsa ashirin da biyar, bai taɓa jin sunansa a bakin ubansa ba sai ranar.

Rufus ya ce, "Ka gani, kuma ba ka gaya mini ba?"

"Ban gaya maka ba."

Rufus bai yi faɗa ba, da ya yi da ya fi sauƙi. Ya cire hular kakinsa ya zauna a kan kujerar siminti. Mista Solomon ya jujjuya fom ɗinsa ya ce a hankali rajistar ta bishiyoyin da ke tsaye ce, amma zai rubuta mangwaron da tsamiyar da sunan Baba. Kawu ya ce waɗannan a bar wa Rufus, shi maɗacin kaɗai yake so a rubuta.

Daga baya ya riƙa shiga lambun, ya nuna wa Rufus yadda ake yankan ɓawo da yadda ake kwaɓa lakar, suka koma raba goro, sai dai surutun Rufus bai dawo kamar da ba. Kawu ya rasu a daminar 1999.

Ranar da na buga rajistar, na ƙara layi ɗaya a ƙasa ba tare da na tambayi kowa ba, Mista Solomon kuma ya gani ya sa hannu. Nan ne kaɗai sunan Kawu ya taɓa shiga takardar gwamnati. Layin ya ce: maɗaci ɗaya, Majidaɗi, wanda ya dasa Njidda, an sare.