Jinjirar da aka bari a kan ma'auni

Cikin dukan ranakun da na yi ina aiki a gidan jin daɗin jama'a na Malanville, akwai wata Laraba da ban taɓa mantawa da ita ba. Ina ba ku labarinta, ku da kuka kama aikin nan bayanmu, duk da cewa ni ce mai laifi a cikinsa.

Zamanin mulkin soja ne, shekarun juyin juya hali, lokacin da kowane ma'aikaci sunansa kamarad. Ina shekarata ta uku a matsayin mataimakiya, wato ƙaramin muƙami a gidan. Shugabarmu Madam Sesil ce, mutumiyar kudu, wadda ba ta jin Hausa ko Dendi in ban da gaisuwa. Ni ce bakinta, ni ce kunnenta. Kowace Laraba muna awon jarirai. Akwai ma'auni rataye a reshen darbejiya a tsakar gida, da ɗan wandon ƙyalle da ake saka yaro a ciki. Kowace uwa tana da karne, wato ɗan littafin da muke rubuta nauyin ɗanta. Ƙa'idar ita ce, in yaro ya yi awo uku bai ƙaru ba, a gargaɗi uwar, a ba ta garin kunu da madara, sannan a kai ziyara gidanta. Haka aka koya mana a makaranta: yaro ba ya ramewa sai don jahilcin uwa ko sakacinta.

Ran nan mata sun cika gidan, har daga Garou wasu suka zo a kan kekunan mazajensu. Da layi ya zo kan wata matashiya mai suna Salamu, na buɗe karnenta na ga awo na uku ke nan nauyin ɗiyarta Hauwa yana komawa baya. Jinjirar wata uku ce, haihuwar fari. Na saka ta a ma'auni, allura ta nuna ta ƙara raguwa. Uwar kuwa tana tsaye tana kallon bango, kamar ba ɗiyarta ake aunawa ba. Wannan kallon bangon ne ya harzuƙa ni.

Na ɗaga murya yadda kowa zai ji. Na ce, "Ke wace irin uwa ce? Dubi Hauwa! Dubi wuyan Hauwa! Garin da muka ba ki, sayarwa kika yi ko ke kika shanye?"

Salamu ta dube ni, ba fushi a fuskarta, ba kunya, ba komai. Ta ajiye karnen a kan tebur, ta gyara mayafinta, ta bi ta tsakiyar matan ta fice. Ta bar jinjirar tana lilo a kan ma'auni.

Mun ɗauka fitsari ya kai ta. Da aka daɗe ba ta dawo ba, Madam Sesil ta kira ni biro, wato ofishinta. Ta ce, "Kamarad Hajara, wannan yar da yaro ne. Doka ta ce a sanar da jami'an jandarma, a rubuta rahoto, a kai yarinyar gidan marayu a kudu." Na roƙe ta ta ba ni zuwa azahar. Ta dubi agogonta ta ce in ba ta gan mu ba lokacin da za a tashi, za ta aika.

Na ari zane na goya jinjirar, na hau mobilet, ɗan babur ɗin aiki. Mai tuyan ƙosai a bakin hanya ta ce ta ga wata ta nufi gulbi, na bi can. Na same ta ƙasan gada, nesa kaɗan da inda ake loda buhunan albasa a jirage, zaune a kan wani kifaffen kwalekwale tana kallon ƙetare. Na je na zauna tsakaninta da ruwa. Ban san abin da zan faɗa ba, don ba a koya mana shi ba. Mun daɗe a haka, sannan na ce, "Salamu, na yi miki rashin mutunci a gaban jama'a. Ki gafarce ni."

Cewa ta yi, "Madam, sunan nan da kike ta kira, kin san na wa ne? Na innata ne."

A hankali labarin ya fito. Daga wani ƙauye can gaba da Dosso aka auro ta. Mijinta Mamman ɗan dako ne a tashar manyan motoci. Da cikinta ya kai wata bakwai ta haɗa kayanta don ta tafi gida goyon ciki, yadda ake yi a haihuwar fari. Mamman ya yi ta ɗaga tafiyar, yau hanya ba kyau, gobe takardar tsallake iyaka ba ta fito ba, har ta haihu a ɗakin haya cikin maƙwabta 'yan Dendi waɗanda ba ta jin harshensu. Ranar suna aka raɗa wa yarinya Hauwa, ta ji daɗi, ta ce mijinta ya girmama uwarta. Ana cikin cin abinci wata 'yar kasuwa daga yankinsu ta ɗauki jinjirar ta ce, "Allah ya jiƙan mai sunan." A haka ta ji. Ashe uwar ta rasu tun cikin yana wata shida, kowa ya sani sai ita.

Salamu ta ce, "Da na buɗe baki zan yi kuka, suka ce in yi haƙuri kada nono ya ɓaci. Ko mutum guda bai ce mini ya haƙuri ba. Washegari kowa ya koma harkarsa."

Na ce, "Yarinyar fa?"

Ta ce, "Ba ƙinta nike ba, Madam, wallahi. In na ɗauke ta ba na jin komi, kamar buhun wani aka ba ni ajiya. Wani lokaci sai raina ya ce don ita ne ban ga innata ba, sai in ji tsoron kaina. Ba na barci, abinci kamar ƙasa. Yau na zo in tahi gida, da na iso nan na tuna babu wanda zan tarar."

Jinjirar ta soma kuka a bayana. Ban miƙa mata ita ba, ita ma ba ta nema ba. Na ce ta tashi mu koma tare, ni zan riƙe goyon. Ta bi ni, ina tura mobilet a cikin yashi.

Na tarar Madam Sesil ta riga ta saka takarda a keken rubutu. Na gaya mata duk abin da na ji, na ce matar nan ba yar da ɗiya ta yi ba, ciwo ne da ita. Ta ce, "Wane ciwo? Zazzaɓi take yi? A wane layi na rahoto zan rubuta shi?" Na ce babu layinsa, amma in aka ƙwace yarinyar, gobe gawar uwar za a tsamo a gulbi. Ta ce, "In yarinyar ta mutu a hannunta, sunana ne a ƙasan takarda, ba naki ba." Amma ta zare takardar ta saka a aljihun tebur. Ta ba ni mako biyu.

Da la'asar na sami Mamman a tasha, ƙurar albasa ta rufe masa kai. Da farko ya ɗauki zafi. Ya ce, "Mi na yi? Tausayinta na ji. Manya suka ce kada a gaya wa mai ciki." Da ya huce sai ya ce shi a ganinsa iska ce ta taɓa ta, har ya yi shawara da yayarsa da ke Gaya ta karɓi yarinyar, Salamu kuma a mayar da ita wurin danginta. Ban yi masa gardamar iska ba. Na ce ya ci gaba da karɓo mata rubutu wurin malam, amma ya bar mu mu ma mu gwada namu. Gaskiya kuwa a lokacin ban san mene ne namun ba.

Wadda ta sani ita ce Inna Bibata, tsohuwar ungozoma ta unguwarsu, mai jin Hausa da Dendi duka. Da na gama yi mata bayani ta ce, "Ɗiyata, ku da bokonku. Salamu bashin makoki ne a kanta. A shimfiɗa mata tabarma."

Na ce wata shida fa da rasuwar. Ta ce, "Ga ita, jiya aka yi ta."

Ranar Juma'a da hantsi aka share tsakar gidan hayar. Inna Bibata ta bi gida gida ta kira mata. Suka riƙa shigowa, kowace ta durƙusa gaban Salamu ta ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Inna." 'Yan Dendi suka faɗa da harshensu. Salamu tana zaune kamar itace, har wata dattijuwa ta tambaye ta, "Wace irin mace ce innarki?" Ta buɗe baki ta ce tana sana'ar man gyaɗa, sai muryar ta karye. Ban taɓa jin kuka irin wannan ba. Wata ta motsa za ta ce ta yi haƙuri, Inna Bibata ta ɗaga mata hannu. Aka bar ta ta yi har ta gaji. Mamman yana zaune a ƙofar gida da maza, kansa a sunkuye.

Ana haka sai ga Madam Sesil da ɗankwali a kanta, abin da ban taɓa gani ba. Tun da safe ta sa na koya mata kalmomin. Ta durƙusa ta faɗe su a karkace, ba wanda ya yi dariya. A hanyar komawa ta ce mini, ba tare da ta dube ni ba, a shekararta ta farko a arewa mahaifinta ya rasu, wasiƙar ta iso bayan an daɗe da binne shi. Ta karanta, ta ninke, ta buɗe biro ta yi aikin ranar. Ni ce mutum na farko a garin nan da ta gaya wa.

Kada ku ɗauka daga ranar komai ya gyaru. Inna Bibata ta yi ta zuwa kowace safiya, ta dafa ruwa da ganyen darbejiya ta yi wa Salamu wankan jegon da ba a yi mata ba, ta dama kunun kanwa su sha tare. Ita ce ta ce tunda ranar Lahadi aka haifi yarinyar a riƙa kiranta Ladi, don uwar ta sami sunan da bakinta zai iya faɗa. Awon farko nauyin bai ƙaru ba, ya dai daina raguwa. Madam ta ƙara mini mako biyu ba tare da na roƙa ba. Sai a awo na uku ya soma hawa. Bayan damina Mamman ya nemi takarda ya kai matarsa ƙauyensu ta ga kabarin. Salamu ba ta taɓa zama mai yawan magana ba, amma ta goya ɗiyarta ta yaye ta. Rahoton nan ba a taɓa aika shi ba.

Abin da ya fi damuna daga baya shi ne sauran matan. Na zauna na tuna waɗanda na yi wa faɗa a gaban jama'a cikin shekaru ukun nan, waɗanda suka tafi ba su sake dawowa ba, muka rubuta musu "ta daina zuwa" muka rufe karne. Ban san nawa ne a cikinsu ke ɗauke da irin abin da Salamu ta ɗauka ba, kuma ba zan taɓa sani ba.

Yanzu ku kun yi karatun da ya ba wannan ciwo suna, kuna da ɗaki mai ƙofa inda mutum zai yi magana ba a ji ba. Ku yi amfani da su. Amma ku sani mutanenmu ba za su zo su ce muku ransu ne ke ciwo ba. Za su kawo muku yaron da ya rame, ko wanda ya daina wasa, ko wanda ya ƙi lakwal, wato makaranta. Kafin ku yanke wa uwar hukunci, ku ja ta gefe, ku ba ta kujera, ku tambaye ta yadda ita take. In ta ce lafiya lau, kada ku yi saurin tashi. Ku ɗan ƙara zama.