Vokal ɗin da na yi wa ɗiyar taubashina

Ni dai wawa ne, kuma ban gano ba sai da gemuna ya yi fari fat. Shekara biyu na yi a lakkol, makarantar boko, na fito da haruffan sunana da tabon bulala. Amma da ɗana ya aiko mini waya mai shafe-shafe, sai na wayi gari masanin siyasa.

Akwai wani grup a waya na mutanen kominmu, wato ƙaramar hukumarmu, wajen Guéchémé, da anka zuba mu ciki: malaman lakkol, ƴan kasuwar Dogon Dutsi, samarin da ke karatu a Yamai, da irinmu da ba mu san komai ba sai danna vokal, wato saƙon murya. Lokacin akwai zaɓaɓɓun konsiye, wato kansiloli, a meri, ofishin magajin gari, ɗayarsu mace, Bafulatana, ɗiyar abokina. Ni Ba'are ne, ɗan ƙasar Arewa, tsakaninmu da Fulani wasa ne tun kakanni. Ni da ubanta mun fi shekara arba'in muna zagin juna ran kasuwa. Ya ce mini bawansa, in ce masa baƙon da ya manta hanyar gida, sannan mu raba goro ɗaya. Ita kanta tun tana goye nake ce mata ƴar nono, da ta yi baki ta fara ramawa.

Rigimar a kan burtali ta tashi. Ta ce a sake dasa alamun hanyar shanu, don gonaki sun cinye ta. Grup ya kama da wuta. Abin dariyar, ni ina bayanta, don na san wanda ya nome burtalin, har na taya shi shuka. Sai na ga gardama ta yi zafi, na ce bari dattijo ya sanyaya ta. Na gyara murya, na danna, na ce Ba'are bai taɓa zama ƙarƙashin Bafulatana ba, konsiye ta bar kujera ta je ta tatso mana nono, hura na jira. Na yi dariya a ƙarshe don a gane wasa ne. Ashe yatsana ya saki kafin dariyar.

Kafin la'asar na zama babban mutum. Samarin Yamai sunka yi mini rubutu dogo-dogo, rabi da Faransanci, wanda na ɗauka yabo ne har wani malamin lakkol ya karanta mini. Ni ne mai ƙabilanci, ni ne maƙiyin mata, ni ne abin da ya hana ƙasa ci gaba. Ni da ko akuyar gidana ban iya hanawa fita ba. Wani ya ce a cire ni daga grup, wani ya ce cire ni danne haƙƙi ne, sunka bar ni sunka kama juna kwana biyu.

Waɗanda sunka yabe ni su sunka fi ba ni tsoro. Masu gona cikin burtali, da waɗanda tun farko ba su so mace a meri ba, sunka ɗauki muryata suna aikawa gari-gari, wai ga abin da dattawan Arewa sunka yanke. Wani ya tsayar da kabu-kabunsa ya miƙo mini hannu biyu. Na sake yin vokal na ce wasan taubashi ne, sai anka ce tsoho ya ji tsoro.

Ran kasuwa na nemi abokina wajen turakun shanu, ban gan shi ba. Na hau amalanke na bi shi gida. Ya fito da kansa, ya shimfiɗa mini sabuwar tabarma, ya ce, "Sannu da zuwa, malam. Ina iyali?"

Malam. Shekara arba'in ban taɓa jin magana mai ladabi daga bakinsa ba. Na ce masa baƙon da ya manta hanya, na jira. Ya ce Allah ya ba mu alheri. Ya kawo goro guda cikakke ya ajiye gabana, bai ɓara ba.

Muna nan zaune kamar masu zaman makoki sai ga konsiye ta dawo daga meri, an ɗage zancen burtali sai wani zama. Ta durƙusa ta gaishe ni. Na fara bayani, na kawo kakanni, na kawo yadda na ɗauke ta a kafaɗa, har na kawo yatsana da ya saki. Ta bari na gama tsaf.

"Baba, na san wasa ne," ta ce. "Da nan ka faɗa, da na rama har ka rasa hularka. Amma can, in na rama, a ce konsiye ta zagi dattijo. In na yi shiru, a ce gaskiya ka faɗa. Wanne za ka zaɓa mini?"