Yanar Idon Inna da ta Mesata

Shekarun baya, lokacin ina zaune ni kaɗai a unguwar Parkchester a Amurka, na ɗauko mahaifiyata daga gida don a yi mata aikin ido. Yana ce ta rufe mata idanu duka biyun, har ta kai sai mutum ya yi magana take gane shi. Likita ya duba ya ce aikin ba wani mai wuya ba ne, ya sa mana rana. Inna ta ce ita fa ba ta san zancen ba. Yayarta ma wani mai magani ne ya soke mata ido a ƙauye da sunan cire yana, har ta koma ga Allah ba ta sake ganin haske ba. Kullum gari ya waye maganarta ɗaya ce, in kai ta filin jirgin sama na JFK ta koma gida da ɗan sauran ganin da Allah ya bar mata.

To a gidan kuma akwai mesa. E, mesa dai da kuka sani, sai dai irin ta Kudancin Amurka ce da ake kira bowa, ba ta da dafi. Wani abokina ne ya bar min ita da zai yi tafiya, wai in riƙe masa na ɗan lokaci. Ni da ƙadangare ke sa ni hawa kujera, sai ga ni ina dawowa daga aiki ina yi wa mesa sannu da gida. In ta naɗe a damtsena tana leƙen duniya da ɗan harshenta, gajiyar ranar duk sai ta sauka. Da abokin ya dawo na ce masa ya yi haƙuri kawai, mesa ta zama tawa.

Inna ko sunanta ba ta kamawa, sai dai ta ce “igiyar ƙasan nan”. Ta sa na kulle ɗakin da akwatin gilashinta yake. Ranar da ta laluba firiza tana neman daddawarta ta damƙo ledar ɓerayen da nake ba mesar, salatin da ta saka sai da maƙwabta suka leƙo.

Ana cikin sanyin nan mai shiga ƙashi, lokacin saɓar mesar ya zo. Abokin nawa ya bugo waya ya ce, “Ya mutuniyar?”

Na ce, “Tana nan wallahi. Yana ta rufe mata ido gaba ɗaya, abinci ta ƙi ci, ta shige lungu ta naɗe, kana matsowa sai huci. Ni dai na ƙyale ta, in ta gaji ta sauko.”

Da na fito falo sai na tarar da Inna a kan darduma, ta ƙudundune cikin bargo, ga tuwonta ko taɓawa ba ta yi ba, hawaye na bin kumatunta.

“Kai wannan,” haka take kirana don ni ne ɗan fari, “ashe na zame maka kaya, har kana kai ni gaba wurin abokanka? Ni ce mai huci?”

Dariya ta taso min, amma ganin fuskarta ya mayar da ita. Na durƙusa na rantse mata da mesa nake.

Ta share hawayenta. Can ta ce, “Ita ma yana gare ta? Makancewa za ta yi?”

“A'a Inna, saɓa za ta yi. Tsohuwar fatar ce ke saki, har da wadda ke kan idon.”

“To hucin na mene ne?”

“Tsoro ne. Ba ta ganin mai zuwa.”

Ta daɗe tana jan carbi kafin ta ce, “Allah sarki, baiwar Allah.”

Washegari ta ce in ajiye mata kujera a bakin ƙofar ɗakin mesar. Kafin a jima kujerar ta shiga ciki. Hitar da ke ɗumama gidajen nan busar da iska take, dole a riƙa fesa ruwan ɗumi a akwatin don fatar ta yi laushi. Inna ta karɓe kwalbar daga hannuna. Sai ta yi bisimilla, ta yi tofi a ruwan, sannan ta fesa tana cewa, “Sannu kin ji, Allah ya yaye mana.”

Wata safiya na tarar da saɓar kwance, ta fita cif tun daga kai har wutsiya. Na ɗora wa Inna a tafin hannu, na kama yatsanta na kai shi kan wasu 'yan ɓawo biyu masu kama da na kifi.

Ta shafa, ta sake shafawa. “Ɗan wannan ne ya tare mata duniya?”

“Shi ne.”

“Nawa ma haka yake?”

Na san yanar mutum a cikin ido take, ba daidai ba ne. Na ce, “Kusan haka, Inna.”

Ta ce, “Ka ce wa likitan ina zuwa.”

Bayan an yi idon farko an cire bandeji, muna shiga gida ta ce in kai ta ta gaida mai jiki. Ina buɗe ƙofa ta yi tsalle da baya.

“Innalillahi! Wannan ƙatuwar nake zama kusa da ita? Ni na ɗauka ba ta wuce muciya ba!”

Ta juyo za ta rufe ni da faɗa, sai ta tsaya cak tana kallona. Ta kai hannu ta shafa gemuna, ta ce, “Kai wannan, yaushe ka yi furfura?”

Nan muka tsaya a bakin ƙofa, ni kuka ita kuka.

Na sha kawo mata hujjojin likita ba su shige ta ba. Ashe ita abokin zama a cikin duhun take nema, kuma Allah ya ba ta a inda ba wanda zai zata. Daga ranar ba ta sake taka ɗakin ba har ta koma gida. Ta rasu da idonta garau, tana karanta Alƙur'aninta da kanta. Mesar na nan tare da ni, ta manyanta, kuma wallahi ina ƙaunarta fiye da yadda zan iya faɗa a gaban mutanen garinmu.