Maƙwabcina da Itatuwan da Ba Sa 'Ya'ya

Shekarar da 'yata ta matsa muka je bikin kallon furanni a Brooklyn, maƙwabcinmu ya bi mu. Mutumin Maraɗi ne, yana kasa huluna da tabarau a Bronx. Da ya ji an ce itatuwan ceri ne, mai jajayen 'ya'yan nan da ake sha, sai ya cusa leda biyu a aljihu.

Muka shiga, ga itatuwa sun yi fure ruwan hoda, ga jama'a sai ɗaukar hoto suke kamar ranar suna. Ya zagaya, ya ɗaga kai, ya dawo wurina.

"Malam, yaushe suke nuna?"

'Yata ta amsa masa da Turanci cewa waɗannan ba sa 'ya'ya.

"Wato kallo kawai? A garinmu da tuni an yi girki da su. Ƙoshi ne ya yi wa mutanen nan yawa."

Har muka fito yana zagin masu kallon fure, amma idonsa na kan layin da ke bakin ƙofa.

Da shekara ta zagayo, a nan na tarar da shi da teburinsa, yana sayar wa ƙosassun nan furen roba. Ni ma bai yi mini ragi ba.