Tawada a Tsakiyar Faifai

Malam Ridwanu ya sauka Agege yana da shekara goma sha tara. Da dakon huhun goro ya fara, daga baya wani Bayarabe a Isolo ya koya masa gyaran rediyo. Shekara arba'in ya yi yana wannan sana'a a zauren gidan da yake haya kusa da layin dogo, har wayar hannu ta zo ta kwashe masa jama'a. Sai ya tafi kasuwar Alaba ya sayo wani ƙaramin inji mai kama da tukunya mai kusurwa huɗu, wanda ke girgiza ruwa da ƙarfi har datti ya saki abin da ya manne wa. Ya ɗaura masa sanda mai juya faifai a hankali, rabi cikin ruwa, rabi a waje. Da shi yake wanke tsofaffin faya-fayen garmaho waɗanda damshin Legas ya sa suka yi fumfuna. Abin da yake taƙama da shi ɗaya ne: kayan mutum bai taɓa lalacewa a hannunsa ba.

Wata Asabar da hantsi Hajiya Nafissa ta shigo da faifai naɗe a cikin ɗankwali. Ita ce matar marigayi Alhaji Abdoulaye, ɗan Maraɗi, fatoman goro, wato dillalin da Ridwanu ya yi wa dako yana saurayi. A faifan akwai waƙar da wani makaɗi ya yi wa 'yan goro, kuma a tsakiyarta Alhaji ya yi magana da bakinsa. Yanzu allurar garmaho ba ta fitar da komai sai shuu.

Ridwanu ya shinshina faifan. “Hajiya, wannan faifai ne ko amarya?”

“Ka kiyaye bakinka, Ridwanu. Kowace Juma'a tare da babbar rigarsa nake turara shi, shekara ashirin ke nan.”

Hayaƙin turaren wuta ne ya toshe layukan faifan. Wannan kam injin zai iya wankewa. Amma da ya juya faifan, sai ya ga matsala. A kan takardar tsakiya Alhaji ya rubuta sunan ɗansu na fari da ranar haihuwarsa, da ajami, da tawadar allo. Tawada ce ta gawayi da ƙaro, wadda tun asali aka haɗa ta don ruwa ya wanke.

“Hajiya, in ɗigo ɗaya ya kai nan, rubutun ya tafi.”

“Rubutun hannunsa nake gani kullum. Muryarsa nake so in ji. Amma kada ka taɓa mini hannun.”

Ya ɗauko murfin roba mai haske da yake rufe takarda da shi, ya duba zoben bakinsa mai hana ruwa shiga sau uku. Zoben ya tsufa, ya kuma san da haka. Ya daɗe yana cewa zai sauya shi. Ya ɗaure, ya yi bismillah, ya kunna.

Aikin minti takwas ne. Ruwan ya fara yin ja-ja, ƙamshin turare ya cika zauren. Duk lokacin da faifan ya zagayo, ruwa na gangarowa ya tsaya a bakin murfin, Ridwanu na bin sa da ido. Hajiya ta zauna a benci tana jan carbi, tana kallon fuskarsa maimakon injin. A minti na shida ya ga wani toka-toka a ƙarƙashin robar, gefen hagu. In ya bari ya cika takwas, layin duka zai bi ruwa. In ya cire yanzu, mai yiwuwa muryar ba ta fito ba.

Ya kashe injin, ya zare faifan, ya kwantar da shi a kan tsumma, ya buɗe murfin. Sunan yaron na nan. Ranar kuwa, harafinta na ƙarshe ya narke ya zama tabo.

“Hajiya, na taɓa hannun. Laifina ne, zoben ya tsufa.”

Ta daɗe tana duban tabon. “Sa mu ji,” ta ce.

Bayan ya bushe, ya ɗora allura. Kalangu ya fito, da ɗan shuu a bayansa. Can sai makaɗin ya saurara, wata murya mai kaushi ta ce, “A gaya wa mutanen Maraɗi muna lafiya a Agege.”

Hajiya ta rufe bakinta da gefen mayafi. Sau huɗu ta sa aka maimaita wurin.

“Laraba ce,” ta ce tana naɗe faifan. “Ni na haife shi, ban manta ba.”

“Kada ki ƙara turara shi, Hajiya.”

“Sai rigar kawai?”

“Sai rigar kawai.”

Tana fita, ya cire zoben ya sa a aljihu, ya rufe zauren, ya nemi motar danfo mai zuwa Alaba don sayo sabo.