Tsaunin da Baba Tsoho Ya Share

Ina aji biyu a ƙaramar sakandare aka kawo kakata gida a bayan motar albasa, kwance a kan tarin buhunan da babu komai a cikinsu, ƙafarta ta hagu ɗaure da rawanin mijinta. Lokacin dawowarsu bai yi ba, shi ya sa tun kafin a buɗe motar muka san ba lafiya.

Tun kafin a haife ni, ita da kakana, wanda muke kira Baba Tsoho, ba sa yin rani a gida. Da an gama girbi sai su ɗaure kaya su shiga mota daga Jega zuwa ƙasar Zuru. Inda mota ta tsaya su ci gaba da ƙafa, suna hawan duwatsu, suna bin ƙauyukan da ke can bisa. Shi wanzami ne, yana aski da ƙaho da kaciyar yara. Ita kuma kitso take yi wa matan can. Sai hadari ya fara haɗuwa suke dawowa, sun yi baƙi sun rame, suna dariyar abubuwan da su kaɗai suka sani. Mutanen unguwa sun yi magana har sun gaji, wai ina aka taɓa ganin mace tana bin duwatsu kamar akuya. Babana, ɗansu na fari, manomin albasa ne, kuma duk lokacin da aka ɗauko zancen sai ya tashi ya ba mutane wuri.

Gangarowa take yi dutse ya mirgine a ƙarƙashin ƙafarta. Baba Tsoho ne ya goyo ta har inda babur yake iya shiga. Aka kai ta Aliero wurin masu ɗori, ta yi makonni a can. Ƙashi ya kama, amma ƙafar ta ɗan gajarta. Idan tana tafiya sai kafaɗarta ɗaya ta riƙa nutsewa, kuma sawunta na hagu a kan rairayin tsakar gida ya fi na dama zurfi ta wajen yatsu.

Da aka dawo da ita aka ce a samu yarinya ta riƙa zama a ɗakinta. Ta dube mu duka ta nuna ni.

"Ku ba ni wagga," in ji ta. "Ba ta da baki, sai idanu kamar na mujiya."

Duk daminar a ɗakinta na yi. Idan na dawo daga makaranta sai ta sa ni a gaba ta tsefe min kai, ko da kitson bai tsufa ba, wai kada hannunta ya mutu. Tana kitson tana ba ni labari. Ta ce daga saman dutse ana ganin ruwan sama yana tafiya da ƙafafunsa kafin ya iso. Ta ce shanu a ƙasa kamar an watsa shinkafa a faifai. Akwai wata tsohuwa a can da ba ta yarda kowa ya taɓa mata kai sai ita, tana shekara da kitso ɗaya tana jira. Ba ta taɓa ce min tana kewar wurin ba. Amma na lura takalmanta na roba na tafiya, da ɗinkin zare a diddige, ba ta bari an kai su ƙarƙashin gado ba. Suna bakin ƙofa, bakinsu yana duban waje.

Da aka yanke gero, Baba Tsoho ya fito da zabirarsa, jakar fatar da yake zuba kayan aiki, ya zauna a zaure yana shafa mata mai yana wasa asake. Babana ya ji ƙarar dutsen washi ya shigo ɗakin Kaka, ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Inna, bana dai a yi haƙuri. Ga ƙafa, ga hanya ba kamar da ba."

"Ƙahwar taka ce?"

"Inna, mi mutane za su ce in an sake kawo ki kwance?"

"Abin da sunka ce bara. Sun ƙare shi ne?"

Suka daɗe a haka, shi yana sunkuye yana zana ƙasa da yatsa. Daga ƙarshe ita ta kawo sharaɗi. Akwai wani tsauni na jan dutse a gefen hanyar Maiyama, wanda makiyaya suke hawa su hango dabbobinsu. Ta ce idan ta hau shi ta sauko da ƙafafunta, babu wanda ya ɗauke ta, to babana ya sa musu albarkar bakinsa su tafi. Idan ta kasa, ta zauna. Babana ya yarda da sauri, don a ganinsa ko dokin ƙofar gida da ƙyar take tsallakewa.

Aka sa ranar Asabar ta sama. A kwanakin da ke tsakani Baba Tsoho ya riƙa fita da sassafe, wai yana zuwa aski ƙauyuka. Amma zabirar tana rataye a zaure, kuma idan ya dawo ƙafafun wandonsa jajaye ne da ƙasa. Na ga ƙaya ta karce masa bayan hannu. Ban tambaya ba. Ni ko gaisuwa sai na yi ta a zuci kafin ta fito.

Ranar Asabar aka kai mu gindin tsaunin a kan babura biyu. Babana bai zo ba, yana fadama wurin dashen albasa, sai ya ce ni in je in ga komai. Aka ba ni gorar ruwa.

A gari Kaka a bayan mijinta take tafiya kamar kowace mace. A gindin tsaunin kuwa, ba tare da kowa ya ce komai ba, Baba Tsoho ya ja gefe ta wuce gaba, shi ya bi ta a baya da hannuwa a ɗan buɗe. Ya waiwayo ya ga ina kallo.

"'Yar boko, a makaranta ba su koya maku wanga ba ko? In ana hawa, mace ka gaba. In ta zame, a kaina za ta hwaɗi, ni kuma ba ni da tsada."

"Rabu da shi," in ji Kaka. "Tsoron maciji yake, yana son ya hwara sarina."

Muka fara hawa. Ni da nake baya idona yana ƙasa, kamar kullum. Sai na ga hanyar ba irin ta makiyaya ba ce. An ture duwatsu gefe, kuma cikinsu mai duhu, wanda ya daɗe a kife, shi ne yake duban sama, da tururuwa suna ta ɗibar ƙwansu. Rassan ƙaya an yanke su sumul, yankan wuƙa mai kaifi, har wurin bai bushe ba. Inda gangaren ya yi tsayi an sassare ƙasa an yi 'yan matakala, kuma na hagu sun fi na dama ɗan tudu, daidai gajartar ƙafarta.

Duk da haka ta sha wuya. Tana taka ta dama, ta tsaya, ta jawo ta hagu da hannu a gwiwa. Zufa ta jiƙa mata ɗankwali. Baba Tsoho yana ta surutu a bayanta, yana tuna mata wani mutum da ya gudu da rabin aski saboda zuma ta biyo shi. Ba ta yi dariya ba. Ta tsaya hutawa sau da yawa, kuma duk lokacin da ta tsaya sai ya dafa ƙirji ya ce shi ne numfashinsa ya ɗauke.

Rana ta ɗaga sosai kafin mu kai sama. Ban taɓa hawa wuri mai tsayi haka ba. Na hango titi kamar zare, da fadama kore shar, da rufin kwano na Jega yana ƙyalli. Kaka ta zauna a kan wani faffaɗan dutse, ta sha ruwa, ta daɗe tana kallon kudu, wajen ƙasar Zuru. Iska tana kaɗa bakin zanenta.

"To, kin hau," in ji Baba Tsoho. Ya washe baki don murna. "'Yar boko, kin gani da idonki. Ki gaya wa ubanki."

Kaka ba ta dube shi ba.

"Malam, kwana nawa ka yi kana sharar wanga tsauni?"

Ya cire hula ya duba cikinta ya mayar.

"Makiyaya ne," ya ce.

"Makiyaya sun san wace ƙahwa tawa ta gajarta?"

Na sunkuyar da kai ina murza murfin gora. Ta miƙo hannu ta kamo nasa, ta juya bayan hannun tana duban inda ƙaya ta karce shi. Ban taɓa ganin sun taɓa juna a gaban kowa ba.

"Wanga ɗan tudu ne, kuma an share mani shi, ga yadda na iso. Duwatsun can hwa? Wa zai share su? Kai, da wanga gemun? In na sake hwaɗuwa, bana ba ka iya goyo na. Sai mu mutu mu biyu a kan hanya, a ce tsohuwa ta kashe mijinta da taurin kai."

"Sai mu bi na ƙasa-ƙasa. Ba dole sai na bisa ba."

"Na ƙasa suna da wanzamansu. Na bisa ka jiranka. Akwai yaran da anka ɗage wa kaciya tun bara saboda ni."

"Ni ban san hanya ba in ba ke."

"Ƙarya kake, Allah shi gafarta maka."

Wajen saukowa shi ya shiga gaba, ta dafa kafaɗarsa. Da muka isa gida babana yana wanke ƙafa a bakin rijiya. Ya tambaya yaya aka yi. Baba Tsoho ya ce ta hau. Kaka ta ce ba ta hau ba. Babana ya juyo gare ni, ni kuma sai hawaye. Ya dube su su biyu, ya ɗauki butarsa ya shige ɗaki. Ya samu abin da yake so, amma ranar bai ci tuwo ba.

Bayan sati Baba Tsoho ya shirya shi kaɗai. Kaka ba ta fito rakiya ba, ta ce ƙafa tana mata tsami. Ta ba shi tsinken kitsonta na ƙarfe ya kai wa wata yarinya da ta fara koya wa kitso a can, ta ce a gaya wa tsohuwar nan ta haƙura ta ba yarinyar kanta. Ni na riƙe masa zabira zuwa bakin titi. Yana tafiya yana rage sauri, a kowace kwana sai ya tsaya ya ɗan juyo da kunne, kamar mai sauraron taku. Da ya ga ni ce sai ya gyara hula ya ci gaba. Mota ta zo ya shiga, ya sa zabirar a kan cinya.

Na dawo na tarar da Kaka tana gyara ɗaki da tsintsiya, abin da aka hana ta. Ta ja tsohon buhun da take ɗaure kayanta na tafiya don ta share bayansa, sai ta tsaya. Ta kwance bakinsa. Bargon da suke rufa a kan dutse yana ciki, da 'yar tukunya, da ludayi, da hular sanyinsa. Duk shekarun nan a kayanta suke tafiya. Shi bai taɓa ɗaure su ba, don haka bai tuna ba, ita kuma ba ta ɗaure kaya ba bana.

"Ruga," ta ce. "Ruga ki gani ko motar ta tashi."

Na ce mata a gabana ta tashi.

"Ki dai ruga."

Na rungumi bargon na fita da gudu. Bakin titi babu kowa sai mai sayar da rake. Na tsaya can har rana ta yi zafi, don ban san yadda zan koma mata da shi ba.